ZIYARAR DUTSEN KWATARKWASHI: BAYANI GA JAMA'AR ANKA DA GUMMI DA BUKKUYUM

Manufar Wannan Ɗan Littafi

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilmi. A ƙasashe da yawa na duniya mutane sukan keɓe 'yan kwanaki a cikin shekara, su ajiye sana'arsu, su tafi wani ƙaramin gari da ke gindin dutse ko bisa tsauni, ba domin fatauci ba, ba kuwa domin biki ko ta'aziyya ba, sai domin su dubi ikon Allah, su huta, su kuma ji labarin waɗanda suka riga su zama a ƙasa. Wannan shi ake kira yawon buɗe ido.

Mutane da dama a ƙasar Anka da Gummi da Bukkuyum suna tsammani irin wannan tafiya ta Turawa ce, ko ta masu hali waɗanda ke iya zuwa Jos ko Obudu. Alhali kuwa a cikin Jihar Zamfara akwai gari irin wannan, wanda mutum zai iya tashi daga Gummi da safe ya kwana kusa da shi a ran nan. Garin shi ne Kwatarkwashi.

An shirya wannan ɗan littafi domin a bayyana inda garin yake, da abin da za a gani a can, da shirin da ya kamata a yi kafin a tashi, da kuma hakkin da ke wuyan baƙo. Gama ziyara ba kallo kaɗai ba ce. Wurin da baƙi suka kiyaye yakan dawwama, jikoki su ma su gani. Wurin da baƙi suka wulakanta kuwa, labarinsa kaɗai ake bari.

Inda Garin Yake Da Hanyar Zuwa

Kwatarkwashi yana cikin Ƙaramar Hukumar Bunguɗu, kudu maso gabas da Gusau, a bakin babbar hanyar da ta tashi daga Gusau ta nufi Tsafe da Funtuwa da Zariya. A tsofaffin taswirori na zamanin Turawa, sa'ad da ƙasar take cikin Lardin Sakkwato, ana rubuta sunan Kotorkoshi. Tun ranar 1 ga Oktoba, 1996, da aka cire Jihar Zamfara daga Jihar Sakkwato, garin yana cikin sabuwar jihar.

Wanda ya taso daga Gummi zai bi ta Ɗaki Takwas ya iso Anka. Mutumin Bukkuyum shi ma ta Anka zai bi. Daga Anka hanya ta miƙe zuwa Mayanci, inda ta haɗu da babbar hanyar Sakkwato zuwa Gusau. Daga nan sai Maru, sai Bunguɗu, sai Gusau. A Gusau ake sake mota, a shiga ta Tsafe ko ta Funtuwa. Tsakanin Gusau da Kwatarkwashi tafiyar ba ta kai sa'a guda ba, kuma a kan wannan hanya ce Jami'ar Tarayya ta Gusau take, wadda aka kafa a 2013.

Matafiyi ba ya bukatar a nuna masa dutsen. Tun daga nesa zai hango shi ya taso daga cikin fili, ya yi wa garin rumfa, gidaje da gonaki suna kwance a gindinsa. Ga mutumin da ya saba da fadamun Gulbin Zamfara, inda ƙasa take shimfiɗe, wannan gani kaɗai ya isa abin ba da labari.

Yadda Irin Wannan Dutse Yake Samuwa

Sau da yawa yara sukan tambayi malamansu, me ya sa dutse guda zai tsaya shi kaɗai a tsakiyar fili? Masana ilmin duwatsu sun ba da amsa kamar haka.

Dutsen Kwatarkwashi irin dutsen nan ne mai tauri ƙwarai wanda ake kira giranit. Asalinsa narkakken dutse ne wanda ya daskare sannu a hankali a can ƙarƙashin ƙasa, shekaru fiye da miliyan 500 da suka wuce bisa ga ƙiyasin masana. A lokacin nan ƙasa ta rufe shi. Sa'an nan ruwan sama da iska suka yi ta zaizaye ƙasa da duwatsu masu taushi da ke kewaye da shi, rafuka suna kwashewa, har mai taurin ya rage a tsaye. Watau ba dutsen ne ya tsiro ba, ƙasar da ke kewaye da shi ce ta zaizaye ta bar shi.

Har wa yau aikin bai tsaya ba. Fuskar dutsen takan tsattsage, ta ɓamɓare falle falle kamar ɓawon albasa, manyan ɓaraguzai su gangaro su taru a gindi. Tsakanin waɗannan ɓaraguzai ne ake samun koguna da lunguna masu sanyi.

Akwai wani abu kuma mai amfani. Ruwan sama ba ya nutsewa cikin falalen dutse, sai ya gangaro ya taru a gindi, yana ɗauke da dagargajen dutse da ruɓaɓɓen ganye. Saboda haka ƙasar gindin dutse takan riƙe laima bayan wadda ke nesa ta bushe, itatuwa su yi girma, rijiya kuma ba ta cika wuyar ruwa ba.

Abin Da Ya Sa Mutanen Dā Suka Zauna Gindin Duwatsu

Wanda ya duba tarihin ƙasar Hausa zai ga manyan garuruwa da yawa daga gindin dutse suka faro. Kano ta tashi daga Dala. Zazzau tana da Turunku da Kufena. Zamfarawa su kansu, bisa ga labarin da aka gada, mazauninsu na fari shi ne Dutsi, a yankin Zurmi, kafin a gina Birnin Zamfara, wanda Gobirawa suka ci a zamanin Sarkin Gobir Babari cikin ƙarni na 18, kafin kuma sarautar Zamfara ta zauna a Anka a farkon ƙarni na 19.

Dalilan zaman guda huɗu ne. Na ɗaya, tsaro: daga bisa ana hango ƙurar mahara tun suna nesa, dawaki kuwa ba su hawan falalen dutse. Na biyu, ruwa, kamar yadda aka bayyana. Na uku, ƙasar noma mai albarka da namun farauta. Na huɗu, imanin mutanen wancan zamani, waɗanda suka ɗauka manyan duwatsu mazaunin iskoki ne, suna kai musu yanka da roƙo.

Kwatarkwashi ya haɗa waɗannan duka. Yana cikin tsofaffin garuruwan yankin da ake kira Katsina Laka, watau kudu maso yammacin tsohuwar ƙasar Katsina, tare da 'Yandoto, garin malamai da ke kusa da Tsafe. Kafin Musulunci ya game ƙasar, Kwatarkwashi ya shahara a wajen Maguzawa da bautar Magiro. Wannan ya wuce, jama'ar garin Musulmi ne, amma sanin abin da ya gabata ba aibi ba ne. Wanda ya san inda kakanninsa suka fito shi ya fi gane darajar inda Allah ya kawo shi.

Garin yana da sarauta mai tsawon tarihi, kuma yana cikin masarautun Jihar Zamfara. Marigayi Sarkin Kwatarkwashi Alhaji Ahmad Umar ya hau gadon sarauta a 1961, ya rasu a watan Yuni na 2022, watau ya shekara 61 yana mulki. Ya ga zamanin En'e da Jihar Arewa, ya ga Jihar Arewa Maso Yamma, da Jihar Sakkwato, har ya ga Jihar Zamfara.

Mai son ƙarin bayani a kan tarihin yankin zai same shi a littafin Dakta Yusufu Bala Usman a kan ƙasar Katsina, wanda aka buga a Zariya a 1981, da kuma tarihin Zamfara wanda wani Bajamushe, Kurt Krieger, ya tattara a Anka, aka buga da Jamusanci a 1959.

Maiki

Ba a yin zancen Kwatarkwashi ba a ambaci maiki ba. Maiki babban tsuntsu ne dangin ungulu, amma ya fi ta girma nesa. In ya buɗe fikafikansa, daga wannan baki zuwa wancan yakan kai mita biyu da rabi. Ba ya sheƙa a bisa itacen gari kamar ungulu, sai a jikin dutse mai tsayi inda mutum da dabba ba su kai wa cikin sauƙi. Macen kuwa ƙwai ɗaya tak take yi a kowane zama.

Ba a san tsuntsun da ya fi maiki tashi sama ba. Ranar 29 ga Nuwamba, 1973, wani jirgin sama ya yi karo da maiki a sararin samaniyar Abijan ta ƙasar Kwaddibuwa, a tsayin mita 11,300, watau ƙafa 37,000. A irin wannan tsayi mutum ba ya iya numfashi sai da na'ura.

Dutsen Kwatarkwashi ya yi suna a wajen masana tsuntsaye a matsayin wurin da maiki ke taruwa yana sheƙa, har waɗansu masana biyu, Cook da Mundy, suka rubuta bayani a kansa a 1980. Tsofaffi kuma suna ba da labarin bikin kamun maiki da ake yi a dā shekara shekara, inda masu ƙarfin hali kan hau dutsen su kamo shi, jama'a su taru. Bikin yana haɗe da tsohuwar al'adar gari.

Amma maiki ya ragu ƙwarai a Afirka ta Yamma duka. A 2015 ƙungiyar duniya mai kula da halittu ta sa shi cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa. Abubuwan da suka jawo haka su ne guba da ake sa wa mushe, da farautarsa domin sayar da kai da ƙafafu ga masu magani, da raguwar namun daji. Tun da ƙwai ɗaya ake yi, in an kashe babba guda, sai an jima kafin a mayar da gurbinsa. Saboda haka mai ziyara kada ya sa rai lalle sai ya ga maiki. In Allah ya nuna masa, ya yi kallo daga nesa, ya gode.

Kada wani ya ce ina ruwan mutum da tsuntsu mai cin mushe. Maiki da ungulu su ne masu share daji ba da lada ba. A ƙasar Indiya, cikin shekarun 1990, wani maganin dabbobi ya hallaka fiye da kashi 90 cikin 100 na ungulayen ƙasar. Mushe ya yi ta ruɓewa a fili, karnukan da ba su da iyayengiji suka yawaita, ciwon haukan kare ya ƙaru, har gwamnatin ƙasar ta hana ba dabbobi maganin a 2006. Wannan darasi ne ga ƙasar makiyaya irin Zamfara.

Lokacin Da Ya Dace

Lokacin da ya fi kyau shi ne bayan ɗaukewar ruwa, daga ƙarshen Oktoba zuwa Janairu. A farkon wannan lokaci ƙasa tana da sauran kore, an yi kaka, sararin sama kuwa garau yake, ana hangen nesa. In hunturu ya kankama akwai sanyi mai daɗin hawa, sai dai hazo yakan rufe hange, sanyin asuba kuma yana bukatar rigar sanyi.

Daga Maris zuwa Mayu bazara ce. Zafi yakan wuce digiri 40, falalen dutse ya ɗauki zafi har ba a iya taɓa shi da hannu da tsakar rana. Ba lokacin kai yara ba ne.

Da damina dutse yana da santsi, musamman inda gansakuka ta kama. Ciyawa takan rufe ramuka da macizai, kuma bisa dutse wuri ne mai hatsari in hadari ya taso, domin tsawa ta fi faɗa wa abin da ya fi tsayi. Wanda ya je da damina ya tsaya a gari, ya yi kallonsa daga ƙasa.

Sha'anin Tsaro

Ba wanda zai koya wa mutumin Anka ko Bukkuyum ko Gummi abin da 'yan bindiga suka yi wa ƙasar nan tun wajen 2011. An tare hanyoyi, an sace mutane, an tashi ƙauyuka, har a Satumba 2021 aka rufe layukan waya da kasuwannin mako na wani lokaci. Hanyar Anka zuwa Mayanci da ta Gusau zuwa Funtuwa duka sun sha wannan masifa. Ɓoye wannan ga mai niyyar tafiya cin amana ne. Saboda haka tilas a kiyaye waɗannan:

1. Kafin a sa rana, a tambayi halin da hanya take ciki a wajen 'yan sanda, da shugabannin tasha, da mutanen garin da za a je. Matambayi ba ya ɓata.
2. In hukuma ko Sarki ko Hakimi suka ce a dakata, a dakata. Dutse ba ya tafiya ko'ina, zai jira.
3. A yi tafiya da rana, a shiga mota a cikin tasha, ba a bakin hanya ba. Wanda ya taso daga Gummi ko Bukkuyum gara ya kwana Gusau, ya ƙarasa da safe, ya komo kafin la'asar.
4. Kowa ya riƙe katin shaidarsa, ya kuma gaya wa mutanen gida inda za shi da ranar komowa.
5. Kada a yi ta shelar ranar tafiya da yawan masu tafiya, ko a kasuwa ko a waya. Hoton da aka ɗauka a bari sai an dawo gida a nuna.
6. Kada a zaga bayan dutse ko a shiga daji. A tsaya inda mutanen gari suka ce a tsaya.
7. Malamin da ke son kai 'yan makaranta ya sami izinin iyaye da na hukumar ilmi a rubuce, ya kuma sanar da jami'an tsaro. In ba a sami wannan ba, a fasa.

Rigakafi ya fi magani. Wanda ya fasa tafiya bai yi hasarar komai ba sai kwana.

Guzuri

Kwatarkwashi ƙaramin gari ne, masauki da manyan asibitoci a Gusau suke. Mai ziyara ya tanadi ruwan sha, aƙalla lita biyu ga kowane mai hawa, da abinci mara nauyi kamar ƙuli-ƙuli da dabino da gyaɗa. Ya sa takalmi mai kama ƙasa, ba silifa ba, ba kuma takalmin fata mai sulɓi ba. Babbar riga ta gaisuwar fada ce, ba ta hawan dutse ba. A naɗe ta a bar ta a ƙasa. Malfa tana da amfani, haka kuma sanda. A riƙe 'yan canjin kuɗi domin sallamar ɗan jagora da sayen tsaraba, da buhu ko jaka wadda za a zuba shara a sauko da ita.

Ladabin Baƙo

An ce baƙo raɓa ne, yau yana nan, gobe ya wuce. Abin da zai bari a baya shi ne halinsa.

Da isowa, abu na fari shi ne a nemi mai unguwa ko wani dattijo, a yi sallama, a bayyana daga inda aka fito da abin da ya kawo mutum. In ayari ne, shugaban ayari ya nemi a yi masa iso a fada. A tuɓe takalmi, a durƙusa, a ce, "Allah ya ja zamanin Sarki." Dattijo a kira shi Baba ko Malam, tsohuwa a ce mata Inna. Wanda ya shiga gari ta ƙofa yakan ji labarin da mai tsallake katanga ba zai taɓa ji ba.

Abu na biyu, a roƙi a haɗa baƙi da ɗan gari wanda ya san dutsen. A yi ciniki da shi tun a ƙasa, a biya shi hakkinsa ba tare da ƙwauro ba.

Abu na uku, a kiyaye waɗannan hani:

Kada a ɗauki hoton mutum, balle na matan aure, sai da izini. Kada a leƙa gidajen mutane daga bisa dutse. Wanda ke sama yana ganin tsakar gida, kuma wannan amana ce. Kada a bi ta cikin gona, ko a tsinki abin da ba a shuka ba. Kada a rubuta suna a jikin dutse da fenti ko gawayi. Kada a yar da leda ko gora, domin awaki suna ci su mutu. Kada a kunna wuta, gama ciyawar rani ba ta da wuyar kamawa. Kada a harbi tsuntsu, ko a taɓa sheƙa, ko a sayi wani sashe na maiki ko ungulu.

In an tarar da kasko, ko tsohon ƙarfe, ko dutsen niƙa, ko wani abin mutanen dā, a bar shi inda yake, a gaya wa masarauta. Dokar 1979 wadda ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Kayan Tarihi ta Ƙasa ta hana cinikin irin waɗannan kaya da fitar da su waje ba da izini ba. Kaskon da aka ɗauke daga mazauninsa ya zama kasko kawai, masana ba su iya karanta komai a jikinsa.

Wuraren da tsofaffi suka ce ba a shiga, kada a shiga, kada kuma a yi musu ba'a. Sau da yawa a bayan irin wannan hani akwai rami, ko zuma, ko makwancin maciji.

Hawa Da Sauka

A fara hawa da sassafe, a sauko kafin rana ta take. Ɗan jagora ya wuce gaba, wani babba ya tsaya a baya, marasa ƙarfi a tsakiya. A riƙa hutawa ana kurɓar ruwa tun ƙishirwa ba ta yi tsanani ba. Sannu ba ta hana zuwa.

Mai hawan jini ko ciwon zuciya ko farfaɗiya, da mace mai ciki, da tsoho, da ƙaramin yaro, su tsaya a gindi. Ba dole ne sai an kai ƙololuwa ba. Wanda ya ji jiri ko ciwon kai ko duhun gani, ya zauna a inuwa, a ba shi ruwa, a jiƙa masa jiki, a sauko da shi.

Kada a sa hannu cikin rami ko tsaguwar dutse. Kada a jefi gidan zuma ko a yi hayaniya kusa da shi. Kada a gangaro da dutse domin wasa, gama akwai mutane da dabbobi a ƙasa. In maciji ya sari wani, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A kwantar da shi, a cire zobe ko agogo, a tallafe gaɓar da sanda don kada ta motsa, a ɗauke shi zuwa asibiti nan da nan. A Gusau akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura.

A sani kuma sauka ta fi hawa hatsari, domin ƙafa ta gaji, hankali kuma ya koma gida. A nan aka fi faɗuwa.

Arzikin Dutse Iri Biyu Ne

Akwai arzikin da ake haƙowa, akwai kuma wanda ake kallo. Na fari mutanen yammacin Zamfara sun san shi, sun kuma san tsadarsa. A 2010 gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya a cikin gidaje ta kashe yara wajen 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma da Bagega. Abin da aka haƙa an tafi da shi, rami ya rage. Na biyun kuwa, ko mutum dubu sun kalla, ba ya raguwa.

A ƙasar Suwizalan akwai wani ƙauyen makiyaya mai suna Zarmat, a gindin wani tsauni mai tsayin mita 4,478. Tun da aka fara kai wa ƙololuwarsa a 1865 baƙi suka yi ta zuwa, har ƙauyen ya zama gari mai arziki. Mutanensa sun hana motar fetur yawo a cikin gari domin kada hayaƙi ya ɓata abin da baƙi ke zuwa gani. A Nijeriya ma akwai Idanre a Jihar Ondo, inda ake hawa matakala fiye da 600 a ga tsohon garin da mutane suka bari a bisa dutse. Akwai Sukur a Jihar Adamawa, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1999, shi ne na fari a ƙasar nan. Kusa da gida kuma ga Argungu, inda bikin kamun kifi, wanda aka faro a 1934, ya sa duniya ta san garin.

Amma wannan arziki ba ya zama sai da zaman lafiya. Garuruwan duwatsun Azbin a Jamhuriyar Nijar sun ci moriyar baƙi shekara da shekaru, da tawaye ya tashi a 2007 baƙi suka ɗauke ƙafa, 'yan jagora da maƙera da masu masauki suka rasa abin yi. Sukur ma ya sha harin Boko Haram a 2014.

Kafin baƙon nesa ya zo, na kusa shi ke buɗe hanya. Kowane ayari da ya je Kwatarkwashi cikin ladabi, ya biya ɗan jagora, ya sayi fura da nono da kayan hannu a gari, ya sauko da shararsa, ya nuna wa mutanen wurin cewa dutsensu yana da daraja a tsaye. Wanda ya ga darajar abu kuwa shi ke tsaronsa.

Bayan An Dawo

Gani ya kori ji, amma ji shi ke kawo gani. Wanda ya je ya dawo ya ba iyalinsa labari. Malami ya sa almajiransa su rubuta abin da suka gani da abin da tsofaffi suka faɗa, a ajiye a makaranta. Sa'an nan kowa ya waiwayi ƙasarsu: a Anka da Gummi da Bukkuyum ma akwai tsofaffin ganuwoyi da kufai da kaburburan magabata, akwai kuma tsofaffin da suka san labarinsu. In ba a tambaye su yau ba, gobe ba za a same su ba.

Allah ya kawo zaman lafiya a ƙasar Zamfara, ya buɗe hanyoyi, ya kai matafiya lafiya, ya komo da su lafiya, amin.